Mu Zaga Wuraren Littafi Mai Tsarki: Malita, Tsibirin da Ya Hura wa Baƙi Wuta

 A watan jiya mun rabu da Manzo Bulus a tsibirin Karita, yana ba mutanen jirgi shawara su yi zamansu har hunturu ya wuce. Yuliyas shugaban soja kuwa ya fi jin maganar matuƙi da ta mai jirgin, sai aka tashi. A wannan wata za mu bi Bulus zuwa inda teku ta jefar da shi. Kafin mu kama hanya muna roƙon kowane gida a buɗe Ayyukan Manzanni, a karanta sura 27 da farkon sura 28 da ƙarfi, yara suna ji. Wanda bai karanta ba zai zama kamar mutumin da aka zaga da shi gari da tsakar dare.

Littafi Mai Tsarki ya kira wurin Malita, taswirar yau kuwa ta ce Malta. Yana tsakiyar Bahar Rum, kamar kilomita 90 kudu da tsibirin Sisili na Italiya, daga nan zuwa gaɓar Libiya kuwa ya ɗan fi kilomita 300. Ƙasar ta ƙunshi tsibirin Malta kansa, da Gozo, da wani ɗan mitsitsi mai suna Komino. In an haɗa su duka murabba'in kilomita 316 ne kawai. Tsawon babban tsibirin kilomita 27 ne, watau mai keke in ya yi sammako ya ratsa shi kafin rana ta yi zafi. Duk da haka mutum fiye da rabin miliyan ke zaune a can. Ba su da kogi ko ɗaya, itatuwa ma kaɗan ne, sai dutse mai launin zuma wanda da shi suke gina kome. Fiye da rabin ruwan da suke sha a famfo daga teku ake ɗibarsa, a tace gishirin da inji. Ingila ta riƙe su daga 1800 har suka sami mulkin kai a 1964, saboda haka baƙo mai jin Turanci ba zai ɓata ba. Har yanzu ma a hannun hagu suke tuƙi, yadda ake yi a Nijeriya kafin 1972.

Bari mu fara daga inda Bulus ya fara, watau bakin ruwa. A arewacin tsibirin akwai wani lungun teku da ake kira da sunan Bulus. A bakin lungun akwai ɗan tsibiri wanda ba kowa a kai sai wani babban mutum-mutumi na manzon da aka kafa a 1845. A nan ne mutanen ƙasar suka ce jirgin ya fashe, wajen shekara ta 60 bayan haihuwar Almasihu. Jirgin alkama ne daga Iskandariya za shi Roma, mutum 276 ke ciki, da soja, da ma'aikatan jirgi, da 'yan sarƙa. Iskar da ta kore su daga Karita daga arewa maso gabas take fitowa. Masunta na Malta sun san ta sarai, suna ce mata Grigal, in ta taso ba mai fita da kwalekwale.

Akwai wani mutumin Sikotilan mai suna James Smith, wanda ya san sha'anin jirgin ruwa ƙwarai. Ya zauna a Malta, ya yi ta tambayar tsofaffin matuƙa ko mil nawa iska irin wannan takan kora babban jirgi a kwana ɗaya. Amsoshinsu suka tsaya wajen mil 36. Ya auna nisa daga tsibirin Kauda, inda aka sakar wa iska jirgin, zuwa Malta, ya sami mil 476. Yaran aji shida su ɗauki fensir su raba, za su ga kwana 13 ne da ɗan ɗori. Luka kuwa ya ce a dare na goma sha huɗu ne ma'aikatan jirgin suka ji alamar tudu. Smith ya kuma duba zurfin ruwan da ke mashigin lungun, ya ga ya yi daidai da gaba 20 da gaba 15 ɗin da aka auna a daren. Ya buga littafinsa a 1848. Akwai waɗansu masana da suka ce wani tsibiri ne dabam, can wajen gaɓar Kuroshiya, amma galibi sun tsaya a kan Malta. Mu dai abin da ya fi burge mu shi ne irin kulawar Luka. Likita ne, ba matuƙi ba, ga shi cikin tsoron mutuwa, amma abin da ya rubuta ya jure wa lissafin masu jirgi bayan shekara kusan 1,800. Masu ninƙaya sun tsamo ankoki na zamanin Romawa a ruwayen nan, suna nan a gidan tarihi. Ba wanda aka rubuta sunan Bulus a jikinsa, saboda haka in mai yi wa baƙi jagora ya rantse cewa wannan ne na jirginsa, sai a yi murmushi a wuce.

A cikin garin da ke bakin lungun akwai wata 'yar masujada da aka sa wa sunan wutar da aka hura wa Bulus. A nan ya kamata mu ɗan zauna, gama wannan wuta ita ce zuciyar labarin. Ku duba ko su wane ne suka hura ta. Kalmar Helenanci da Luka ya kira su da ita tana nufin waɗanda ba su jin Helenanci, kamar yadda Bahaushe yakan ce baubawa. Harshensu na zuriyar Finikiyawa ne, gumaka kuma suke yi wa sujada. Da a ƙasarmu ne da an ce arna. Ba su san Bulus ba, ba su taɓa jin sunan Yesu ba. Abin da suka gani kawai shi ne taron baƙi jiƙe sharkaf, ana ruwa, ana sanyi, waɗansunsu ma 'yan kurkuku ne. Mutum 276 ba ƙananan baƙi ba ne ga ƙauyen masunta. Ba ƙaramin itace za a ƙone ba kafin a ɗumama su, a ƙasar da itace ke da wuyar samu. Duk da haka suka hura. Luka ya zaga birane masu manyan makarantu da majami'u, amma waɗannan ne ya yaba wa alherinsu, ya ce ya wuce yadda aka saba. Mu da muke saurin raba mutane, mu ce wannan namu ne, wancan bare ne, ya kamata wannan aya ta ɗan tsaya mana a maƙogwaro.

Bulus ma bai zauna ana yi masa hidima ba. Dattijo ne, ya kwana goma sha huɗu a kan ruwa, amma ya tashi ya shiga tara ƙirare tare da kowa, a nan ne maciji ya maƙale masa a hannu. Mutanen suka ce lalle mai kisankai ne, alhaki ne ya biyo shi har tudu. Da suka jira ya kumbura bai kumbura ba, sai suka juya suka ce allah ne. Duka biyu ba su faɗi daidai ba, tsakanin maganar farko da ta biyu kuwa ko tukunya ba ta tafasa ba. Haka bakin jama'a yake har gobe. A yau dai babu maciji mai dafin kisa a Malta. Mutanen ƙasar sukan ce albarkar Bulus ce. Masana kuwa sukan ce ƙasar da aka yi shekara dubbai ana sare dajinta ana nome ta, ba mamaki waɗansu namun su ƙare. Littafi bai ce kome a kan wannan ba.

Daga bakin ruwa sai mu hau tudu zuwa tsakiyar tsibirin, inda tsohon babban birnin yake. Sunansa Imdina, yana da ganuwa mai kauri da ƙofa irin ta biranenmu na dā, lungunansa kuwa ƙunci gare su har mota ba ta shiga yawancinsu. Mazaunansa 'yan ɗaruruwa ne kawai, shi ya sa ake ce masa birnin shiru. A zamanin Romawa nan ne mazaunin hukuma. Luka ya ce shugaban tsibirin, Babiliyas, ya sauke su kwana uku. Laƙabin da ya kira shi da shi, watau na farko a tsibirin, ba a saba jinsa a waɗansu ƙasashen Romawa ba. Amma an tono duwatsu a Malta masu rubutun Helenanci da na Latin, ga laƙabin nan a jiki. Ko sarautar gari ma Luka bai yi mata kuskure ba. Babbar masujadar Imdina, wadda aka sāke ginawa bayan girgizar ƙasa ta 1693, an ce a kan harabar gidan Babiliyas take.

Mahaifin Babiliyas yana kwance da zazzaɓi da atuni, Bulus ya shiga ya yi masa addu'a ya warke. A nan za mu ɗan ratse, domin akwai abin da ya shafi uwayen gida. An daɗe ana fama da wani zazzaɓi a tsibirin nan mai tafiya yana komowa wata da watanni, har aka sa masa suna zazzaɓin Malta. Ya kwantar da sojan Ingila da yawa. A 1887 wani likitan soja mai suna David Bruce ya gano ƙwayar cutar. A 1905 kuma wani likita ɗan ƙasar, Temi Zammit, ya gano inda take ɓuya, ashe cikin madarar awaki ne. A lokacin ana kora awaki ƙofa ƙofa, a tatsa a gaban mai saye, a sha ɗanya. Da aka hana soja shan ɗanyar madara sai cutar ta ja da baya a barikinsu. Waɗansu masu sharhi suna tsammani ita ce ta kama tsohon nan, ko da yake ba mai iya tabbatarwa. Abin da ya tabbata shi ne cutar tana cikin garkunanmu, ita ce makiyaya ke ce wa bakkale, mai sa shanu ɓari. Saboda haka madarar da za a ba yara, ta saniya ce ko ta akuya, a tafasa ta tukuna. Ba rashin bangaskiya ba ne. Mai rubuta labarin warkarwar nan ma likita ne.

A bayan ganuwar Imdina akwai garin Rabat. A ƙarƙashin wata masujada a can akwai kogo inda aka ce Bulus ya zauna cikin wata ukun da ya yi a tsibirin. Paparoma uku sun sauka cikinsa sun yi addu'a, na ƙarshensu a 2022. To, a nan sai mu rarrabe abin da Littafi ya faɗa da abin da kakanni suka faɗa, yadda muke koya wa yara a aji. Littafi ya faɗi wuta, da maciji, da warkar da marasa lafiya, da wata uku, da guzurin da aka yi musu. Bai ambaci kogo ba. Bai ce Babiliyas ya tuba ba, balle a ce ya zama bishop na fari kamar yadda mutanen Malta suke riƙe da shi. Bai ma ce an yi wa ko mutum ɗaya baftisma ba. Wanda ya san halin Bulus zai yi wuya ya yarda cewa ya yi wata uku bakinsa a rufe. Amma tsammani dabam, abin da ke rubuce dabam, bai kuwa kamata mu cika wa Luka abin da ya bari ba.

Shaidar da ido ke gani ta soma ne daga wajen ƙarni na 4. Kusa da kogon akwai kaburbura na ƙarƙashin ƙasa, an fafe su cikin dutse, lungu ya shiga lungu har mutum ya iya ɓata. Abin kallo a ciki shi ne waɗansu tebura masu da'ira da aka sassaƙa daga dutsen kansa, da wurin kishingiɗa kewaye da su. A nan dangi sukan taru su ci abinci tare don tunawa da wanda ya rasu. A jikin waɗansu kaburburan an zana alkuki mai rassa bakwai na Yahudawa, waɗansu kuma na Kirista ne, waɗansu na masu bin gumaka, duk a unguwa ɗaya.

Amma tarihin tsibirin ya girmi Bulus nesa ba kusa ba. A Gozo akwai wani haikali mai suna Jigantiya wanda aka soma ginawa wajen shekara 3,600 kafin haihuwar Almasihu, watau ya girmi dalar Masar, ya girmi Ibrahim. A kudancin Malta akwai irinsa a Hajar Im, inda dutse ɗaya ya kai nauyin tan 20, masu ginin kuwa ba su san ƙarfe ba. A 1902 waɗansu magina suna haƙa ramin tara ruwa a Hal Safliyeni, sai suka faɗa cikin ɗakuna hawa uku a ƙarƙashin ƙasa, inda aka ƙiyasta an binne mutum kamar 7,000. Mutum kaɗan ake bari su shiga a rana, domin numfashin jama'a yana ɓata zanen bango, mai son gani sai ya kama wuri tun da sauran makonni. Mutanen ba su bar rubutu ba, ba a san sunan abin da suke bauta wa ba. Sun dai ja duwatsu masu nauyin giwaye suna lalube.

Yanzu mu kasa kunne a kasuwa, gama a nan Bahaushe zai sha mamaki. In ya tambayi kwanakin mako zai ji kamar haka: Tneyn, Tlieta, Erba, Hamis, Jima, Sibt, Hadd. Ba sai an yi masa fassara ba, Litinin ce har zuwa Lahadi. In mai kifi ya ce hamsin ko sittin, hamsin da sittin ɗin da muka sani yake nufi. Dalili shi ne Larabawa sun ci tsibirin a 870, harshen Malta kuwa daga Larabci ya tsiro, daga baya ya kwashi kalmomin Italiyanci da na Turanci. Mu mun aro waɗannan kalmomi ta hanyar malamai da fatake, su kuwa gadonsu ne. Sunan Imdina ma daga kalmar Larabci ta birni ya fito. Da haruffan boko suke rubutu, sun kuma yi wa waɗansu haruffa alama don su dace da bakinsu, kamar yadda muka yi wa ƙ da ɗ da ɓ ƙugiya. An yi zamanin da mazaunan tsibirin galibi Musulmi ne. A gidan tarihi na Gozo akwai dutsen kabarin wata yarinya Musulma mai suna Maimuna wadda ta rasu a 1174, da kyakkyawan rubutun Larabci. Sarakunan Sisili sun karɓe tsibirin a 1091, a hankali kuma ya koma na Kirista, amma harshen bai tafi ba.

Ga inda maganar ta shafe mu. Mutumin Malta in ya shiga sujada, sunan da yake kiran Mahalicci da shi shi ne Alla. Azumin kwana arba'in na kafin Ista suna ce masa Randan, daga Ramadan. Ista kanta Idi Babba suke ce mata da harshensu. Mukan ji waɗansu matasanmu masu himma suna cewa bai kamata Kirista ya ce Allah ba, wai sunan na wani addini ne, sai dai a ce Ubangiji kaɗai. Mukan ji kuma waɗansu maƙwabta suna cewa mun ɗauki abin da ba namu ba. To, ga wata al'umma a Turai wadda ta yi ɗaruruwan shekaru tana yi wa Alla sujada cikin sunan Yesu, ba wanda ya ce ta yi ridda. Kiristocin Masar da na Lebanon ma haka suke faɗa. Waɗanda suka juya mana Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932 ba su yi kuskure ba da suka rubuta Allah tun daga ayar farko ta Farawa. A ganinmu gardamar ba a kan sunan take ba, a kan abin da muka sani ne game da mai sunan. Su ma mutanen Malta sun daɗe kafin su sami Littafi da harshensu. An buga Bishara huɗu da Ayyukan Manzanni a 1829, sa'an nan wani limaminsu mai suna Saydon ya yi shekara 30, daga 1929 zuwa 1959, yana juya dukan Littafin shi kaɗai daga Ibrananci da Helenanci.

Babban birnin ƙasar a yau shi ne Baleta, labarinsa kuwa na Baraden Yahaya ne. Wata ƙungiya ce da ta soma a Urushalima da jiyyar masu ziyara marasa lafiya, daga baya ta ɗauki takobi. Da Turkawa suka kore su daga Rodusa, sai sarkin Sifen ya ba su Malta a 1530, harajinsu shaho ɗaya a shekara. Ya haɗa musu da Tarabulus, wadda fataken Kano da na Barno suka san hanyarta, amma ta kuɓuce musu a 1551. A 1565 Sarkin Turkawa Sulaiman ya aiko da mayaƙa 30,000 ko fiye, masu tsaron tsibirin kuwa ba su kai 10,000 ba. Aka yi kusan wata huɗu ana gwabzawa, daga Mayu zuwa Satumba, Turkawa suka janye. A shekara mai zuwa aka aza harsashin Baleta, aka sa mata sunan shugaban baraden.

A Baleta akwai gini biyu da ya kamata a gani a rana ɗaya. Na farko asibitinsu ne, wanda babban ɗakinsa ya kai tsawon mita 155. Barade 'ya'yan sarakuna su ne ke kai wa marasa lafiya abinci da hannunsu, cikin kwanonin azurfa. Na biyu masujadar Yahaya Mai Baftisma ce. Daga waje kamar kurkuku take, ciki kuwa zinariya ce har rufi, daɓen duka duwatsun kaburburan barade ne kusan 400 masu launi iri iri. A can ne babban zanen fille kan Yahaya yake, wanda Karabajo ya yi a 1608. Shi mai zanen gudun hukunci ne ya kawo shi Malta, gama ya kashe mutum a Roma. Wannan karon mai kisankai na gaske ne teku ta kawo, aka kuwa naɗa shi barde. Sai dai in ana kallon zinariyar a tuna inda waɗansu kuɗin suka fito. Baraden suna tare jiragen Musulmi a teku su kama bayi, bayin ne ke tuƙa musu jirage cikin sarƙa. Su ma Turkawa a 1551 sun kwashe kusan dukan mutanen Gozo, wajen 5,000, suka kai su bauta. Kowane gefe yana kiran sunan Allah yana cinikin 'yan Adam. Ba mu ga abin fahariya a nan ga kowa ba. Napoliyon ne ya kori baraden a 1798, ya kuma soke bautar.

A garin Mosta akwai wata masujada mai babbar ƙubba wadda mutanen garin suka gina da gudummawarsu da ƙarfinsu, daga 1833, suka yi kusan shekara 30 suna aiki. A Yaƙin Duniya na Biyu jiragen Jamus da na Italiya sun yi wa Malta ruwan bom ba dare ba rana. Ran 9 ga Afrilu 1942 mutum kamar 300 suna ciki suna jiran sujadar yamma, sai bom ya huda ƙubbar ya faɗo tsakiyarsu, ya gangara, bai fashe ba. Ba wanda ya mutu. An ajiye kwatancinsa a ɗakin baya don baƙi su gani. Bayan kwana shida Sarkin Ingila ya ba dukan tsibirin lambar jaruntaka, ita ce gicciyen da ke jikin tutarsu. Akan ce masujadun ƙasar sun kai a shiga ɗaya kowace rana har shekara ta zagayo. Amma ƙidayar da ikkilisiyarsu ta yi ta nuna a 1967 fiye da kashi 80 cikin 100 ke zuwa sujada ran Lahadi, a 2017 kuwa kamar kashi 36 ne. Ba Turkawa ne suka yi wannan ba, ba kuma bom ba ne. Dattawan da ke ta tara kuɗin sabon gini alhali makarantar Lahadi ba ta da malami, su riƙe lissafin nan.

Har wa yau teku ba ta daina jefo baƙi a gaɓar Malta ba. Su ne 'ya'yanmu. Daga Nijeriya, da Nijar, da Gana, da Sudan, da sauran ƙasashe, sukan bi ta Agadas su ratsa hamada zuwa Libiya, dillalai su karɓe kuɗinsu su cusa su cikin kwalekwalen roba da dare. Bulus a babban jirgin alkama yake, da gwanayen matuƙa, da ƙyar ya tsira. A watan Afrilu 2015 wani jirgi ya nutse da mutum wajen 800 a arewa da Libiya. Gawa 24 aka kawo Malta, ba a san sunayensu ba. Bishop na Gozo da limamin Musulmin ƙasar suka tsaya tare suka yi musu addu'a, sojoji suka ɗauki akwatunan. Wata uwa tana nan a wani gari tana jiran waya har yanzu. Iyayen da ke shirin sayar da gona don a biya wa yaro kuɗin hanya, su sāke karanta gargaɗin da Bulus ya yi a Karita, su ga abin da ya sami waɗanda suka fi jin maganar mai jirgi.

Mutanen Malta kansu sun rabu a kan maganar. Sojan ruwansu sun tsamo dubban mutane daga bakin mutuwa, akwai kuma masu bi da ke ciyar da baƙin suna koya musu harshe. Waɗansu kuwa suna cewa ƙasarsu ƙarama ce, manyan ƙasashen Turai sun bar su da kaya, maganarsu kuma ba ta rasa gaskiya ba. A watan Yuni 2018 wani jirgin ceto mai suna Aquarius ya ɗauko mutum fiye da 600, Italiya ta hana shi tsayawa, Malta ma ta hana, sai da ya yi kwanaki a teku kafin Sifen ta karɓe shi. Ƙasar da ke hutu kowace shekara ran 10 ga Fabrairu don tunawa da fashewar jirgin Bulus ke nan. Ikkilisiyoyinsu ba su yi shiru ba. Su ne suka shirya karatun makon addu'a don haɗin kan Kirista na 2020, suka kuwa zaɓi ayar wutar nan, suka sa ta a gaban duniya da gaban kansu. Kada mu yi saurin nuna su da yatsa. A garuruwanmu akwai waɗanda rikici ya koro daga ƙauyukansu, suna kwana a azuzuwan makaranta, waɗansu ba addininmu ɗaya ba, waɗansu Hausarsu ma ba ta fita. Kowace ikkilisiya ta san inda nata suke, ta kuma san ko ta kai musu itace ko ba ta kai ba.

Da wata uku suka cika, teku ta kwanta, Yuliyas ya sami wani jirgin Iskandariya da ya ci hunturu a tsibirin, mai siffar tagwayen gumaka a goshinsa. Mutanen Malita suka cika su da guzuri, gama kome nasu ya tafi cikin ruwa. Jirgin ya nufi arewa, zangonsa na fari Sirakusa ne a tsibirin Sisili, inda suka kwana uku. A can za mu tarye su a wata mai zuwa, in Ubangiji ya yarda. Yara su nemo Sirakusa a taswirar da ke bayan Littafi Mai Tsarki kafin lokacin.